Kanel ya ce babu famwaya, alhali ga fayil ɗin a cikin faifai: ina kuskuren yake?

Aminu:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. Ina roƙon a taimaka mini da bayani a kan wata matsala da ta hana ni sakat yau kwana uku ke nan. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai furosesa Ryzen 5 3500U, da katin wayifai na Intel AX200 wanda ni na sauya mata da kaina, kuma Arch Linux nake amfani da shi. Da kanel ɗin da Arch ke bayarwa, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa sassan kwamfuta, komai lafiya lau yake. To, don neman ƙarin ilimi, sai na sauko da kanel 6.6 daga kernel.org na harhaɗa nawa. Na fara da make defconfig, sannan na kunna direbobi biyu, wato manhajojin da ke tuƙa na'urori, amdgpu na allo da iwlwifi na wayifai, duka biyun na sa musu y, wato a dunƙule su a jikin kanel maimakon su zama mojul, guntayen da ake lodawa daga baya. Direbobin NVMe da ext4 ma haka na yi musu, domin burina shi ne in rabu da initramfs baki ɗaya, wato ɗan rumbun fayilolin da ake lodawa a RAM tare da kanel kafin a ɗora faifai.

Kwamfutar tana tashi, amma maɓallan rage haske da ƙara shi sun daina aiki, duk tagar da na ja sai ta riƙa jan ƙafa, wayifai kuwa ko alamarsa babu, yanzu haka da wayata nake rubuto wannan. Da na duba dmesg, wato rahoton saƙonnin kanel, sai na tarar da waɗannan layuka:

Direct firmware load for amdgpu/picasso_gpu_info.bin failed with error -2
Direct firmware load for iwlwifi-cc-a0-77.ucode failed with error -2
Direct firmware load for regulatory.db failed with error -2

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙunshin linux-firmware mai ɗauke da famwaya, wato ƙananan manhajojin da direba ke zuba wa na'ura don ta yi aiki, yana nan a girke, kuma da idona na ga sunayen fayilolin a cikin /lib/firmware. Ta yaya kanel zai ce babu abin da nake kallo?

Usman:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Na taɓa karanta cewa akwai wani zaɓi mai suna CONFIG_FW_LOADER_USER_HELPER_FALLBACK wanda idan aka kunna shi, kanel zai nemi taimakon udev, manhajar da ke kula da na'urori a wajen kanel, ya kawo masa fayil ɗin duk lokacin da ya kasa samunsa da kansa. Ina ganin ka kunna shi ka sake harhaɗawa, wataƙila shi ne maganin.

Malam Lawali:
Usman, ƙanina, shawarar dogaro da udev da a shekarar 2011 ka bayar da ita da na ce ka yi daidai, amma a yau gyaran gangar Auzinawa za ta zama. Bari in ɗan koma baya domin a fahimci dalili.

A da can kanel ba ya karanta fayil ɗin famwaya da kansa ko kaɗan. Idan direba ya kira request_firmware, kanel yakan buɗe wasu ƙananan fayiloli biyu a cikin sysfs, wato foldar /sys, ɗaya mai suna loading, ɗaya mai suna data, sannan ya yi shela ya zauna yana jira. Udev ne ke jin shelar, ya rubuta 1 a cikin loading, ya zuba famwayar a cikin data, ya rubuta 0 don nuna ya gama. A shekarar 2012 aka yi wa udev wani sauyi da ya sa wasu direbobi suka riƙa maƙalewa suna jiran famwayar da ba ta zuwa sai bayan dogon lokaci, aka yi ta cacar baki tsakanin masu kula da kanel da masu kula da udev, har Linus Torvalds ya sa aka ba kanel ikon buɗe fayil ɗin kai tsaye daga faifai. Wannan ya shigo ne a kanel 3.7, a ƙarshen 2012, kuma shi ne ma'anar kalmar Direct da Aminu ya gani a saƙon. Daga baya, a systemd 217 na shekarar 2014, aka cire aikin kawo famwaya daga udev ɗungurungum.

Saboda haka idan Aminu ya kunna wannan zaɓi a kan Arch, kanel zai yi shela, babu wanda zai amsa, zai jira daƙiƙa 60 kamar yadda aka ƙayyade a /sys/class/firmware/timeout, sannan ya haƙura. Ba sau ɗaya ba, kowane fayil da nasa jiran. Na taɓa ganin wata kwamfuta da take ɗaukar fiye da minti uku kafin ta tashi, mai ita yana ta zargin faifai, ashe wannan zaɓin ne kawai.

Usman:
Na gode, Malam. To, me ya sa har yanzu ba a goge zaɓin daga kanel ba, tunda babu mai amsawa?

Malam Lawali:
Akwai masu amsawa, ba dai a irin kwamfutocinmu ba. A Android, ueventd yana iya sauraron wannan shelar ya ɗauko fayil daga wurare irin su /vendor/firmware. A OpenWrt kuma, wato Linux ɗin rauta, akwai ƙananan rubutattun umarni a /etc/hotplug.d/firmware waɗanda ke yanko bayanan daidaita rediyon wayifai daga wani sashe na ma'ajiyar rauta su miƙa wa direba, domin waɗannan bayanai kowace na'ura da nata, ba abu ne da za a zuba a ƙunshi ɗaya a raba wa kowa ba. Su ne dalilin da ya sa hanyar ta ci gaba da zama.

Injiniya Bashir:
Malam Lawali ya gama magana a kan wancan. Ni kuma zan koma kan tambayar Aminu ta asali. Lambar -2 ita ce ENOENT, ma'ana ba a sami fayil ba, kuma kanel bai yi ƙarya ba. Kai kana kallon faifan ne bayan kwamfuta ta gama tashi, shi kuwa direban ya nemi fayil ɗin ne tun kafin a ɗora faifan. Direban da aka sa wa y yana fara aiki ne a lokacin da kanel ke tayar da sassansa na ciki, a daidai lokacin da babu komai a ƙarƙashin / sai wani ɗan rumbu na wucin gadi a cikin RAM, wanda in babu initramfs kusan fanko ne. Sai an gama tayar da waɗannan direbobi tukuna kanel ke ɗora ainihin faifanka. Ka duba lambobin lokaci da ke gefen hagu a dmesg, za ka ga layin amdgpu ya riga layin EXT4-fs mai cewa an ɗora faifan.

Ka ma yi sa'a da allon yana nuna maka wani abu. A tsofaffin kanel, amdgpu yakan kori allon farko na EFI kafin ya gano ba shi da famwaya, sai mutum ya wayi gari da baƙin allo, ba ya ko iya karanta kuskuren.

Magani a wurina shi ne CONFIG_EXTRA_FIRMWARE. Za ka same shi a menuconfig ƙarƙashin Device Drivers, sai Generic Driver Options, sai Firmware loader. Ka jera sunayen fayilolin da tazara a tsakaninsu, daidai yadda direba ke kiransu, misali amdgpu/picasso_gpu_info.bin amdgpu/picasso_sdma.bin da sauransu, sannan CONFIG_EXTRA_FIRMWARE_DIR ya nuna foldar da za a ɗebo su lokacin harhaɗawa. Da haka famwayar za ta zauna a cikin jikin kanel ɗin, duk lokacin da direba ya nema tana hannu. Haka nake yi wa duk ƙananan allunan da nake haɗa wa mutane, fayil ɗaya ne tak, ka ɗora shi na'ura ta tashi.

Aminu:
Injiniya, na duba kamar yadda ka ce, kuma gaskiyarka ne: kuskuren amdgpu ya zo kafin layin EXT4-fs. Gani ya kori ji. Sai dai na gwada shawararka, harhaɗawar ta tsaya da saƙon No rule to make target a kan picasso_gpu_info.bin. Na tabbatar ban yi kuskuren harafi ba.

Injiniya Bashir:
Kafin ka sake ɓata lokaci da batir wajen harhaɗawa, yi mini wani ɗan gwaji a kan kanel ɗin da ke kai yanzu. Idan iwlwifi ya rasa famwaya yakan saki katin ya koma gefe, kuma ana iya sake ɗaura masa shi da hannu. Ka nemo adireshin katin da lspci -D, zai yi kama da 0000:02:00.0, sai ka rubuta wannan adireshi a cikin /sys/bus/pci/drivers/iwlwifi/bind. A wannan karon faifan yana ɗore, saboda haka in matsalar lokaci ce kaɗai, wayifai zai tashi nan take. In kuma ya sake cewa -2, to akwai matsala ta biyu da ke ɓoye a bayan ta farko.

Aminu:
Na yi, kuma ya sake cewa -2.

Malama Hadiza:
Malam Aminu, don Allah ka sake duba sunayen fayilolin da ka ce ka gani da idonka, ka karanta har zuwa harafin ƙarshe. Ina kyautata zaton abin da ke wurin shi ne iwlwifi-cc-a0-77.ucode.zst, ba iwlwifi-cc-a0-77.ucode ba.

Ƙunshin linux-firmware ya yi girma ƙwarai, shi ya sa nau'o'in Linux da dama suke matse fayilolinsa, Arch da zstd, Fedora da xz. Direba ba ruwansa da wannan, sunan asali kawai yake kira. Mai ɗauko famwaya na kanel ne ke fara neman sunan yadda yake, in bai samu ba ya ƙara .zst a ƙarshe, in bai samu ba ya ƙara .xz. Amma ba zai yi wannan ƙarin neman ba sai an kunna CONFIG_FW_LOADER_COMPRESS, wanda ya shigo a kanel 5.3 da xz kaɗai, tare da CONFIG_FW_LOADER_COMPRESS_ZSTD, wanda ya shigo a 5.19. Kanel ɗin Arch yana da su a kunne, defconfig kuwa bai kunna maka su ba. Wannan shi ya sa gwajin Injiniya ya faɗi, kuma shi ya sa make ya tsaya, domin CONFIG_EXTRA_FIRMWARE fayil yake so a warware, ba matsattse ba.

Aminu:
Subhanallahi, haka yake, Malama. Duk .zst ne a ƙarshensu, idona ne ya riƙa tsallake wutsiyar. Regulatory.db ne kaɗai ba shi da wannan wutsiyar. Ashe matsala biyu ce ta haɗu ta ba da lamba ɗaya.

Injiniya Bashir:
To ai abin ya zo da sauƙi. Ka buɗe wata folda ta dabam, ka kwafo fayilolin da kake buƙata, ka warware su da unzstd, ka kiyaye ƙaramar foldar amdgpu a cikinta, sannan ka nuna wa CONFIG_EXTRA_FIRMWARE_DIR wannan wuri. Kada ka warware su a cikin /lib/firmware, don kada ka cakuɗa abinka da abin da pacman, mai girka ƙunshi na Arch, ke kula da shi.

Malama Hadiza:
Injiniya, da girmamawa, a nan ne zan saɓa maka. Hanyar tana aiki, ban musa ba, amma ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa mai kwamfutar tafi-da-gidanka wannan kaya ba, kuma ina da hujjoji.

Da farko, amdgpu ba fayil ɗaya yake nema ba. A kan cif irin na Aminu, mai laƙabin picasso, zai nemi na sdma, da asd, da pfp, da me, da ce, da rlc, da mec, da vcn, har ma da wani mai suna raven_dmcu.bin, wanda duk mai tace sunaye da kalmar picasso zai tsallake shi bai sani ba. Direban kuma yakan tsaya ne a fayil na farko da ya rasa, saboda haka wanda ke bin dmesg yana ƙara suna ɗaya-ɗaya zai harhaɗa kanel sau da yawa kafin ya kai ƙarshe. In ya ce zai zuba duk abin da modinfo -F firmware amdgpu ya lissafa, ɗaruruwan fayiloli ne na katunan da bai taɓa gani ba, kuma duk abin da aka dunƙule a jikin kanel yana zaune ne a cikin RAM har a kashe kwamfuta.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne tsarin neman. Kanel yana fara duba famwayar da ke jikinsa ne kafin ya waiwayi faifai, in ya samu a nan ya gama. Ma'ana duk ranar da Intel ko AMD suka gyara wani aibi, pacman ya sauko da sabon fayil mai suna iri ɗaya, kanel ɗin Aminu zai ci gaba da amfani da tsohon ba tare da ya ce uffan ba. Na taɓa gadon wasu kwamfutoci a wani wurin aiki da wanda ya riga ni ya yi musu haka. Wayifai yana ta yankewa, na sabunta ƙunshin famwaya har sau biyu, na kwana ina mamakin yadda lambar sigar da dmesg ke nunawa ba ta motsa ba, sai da na buɗe /proc/config.gz na ga dogon layin CONFIG_EXTRA_FIRMWARE sannan na gane inda gizo ke saƙa. Akwai kuma juyin wannan: idan ka ɗaga kanel zuwa sabon siga, iwlwifi yana iya fara neman wata lamba dabam a sunan fayil, domin yakan fara ne daga lamba mafi girma da ya sani ya riƙa saukowa, kai kuma jerinka na nan yadda ka bar shi.

Injiniya Bashir:
Malama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ki duba ɗaya ɓangaren. Abin da kika kira aibi, wato rashin canzawa, shi ne ni nake nema. Idan na haɗa na'urar da za a kai wani ƙauye a maƙala a jikin bango ta yi shekara biyu babu mai taɓa ta, ina so in san cewa kanel da famwayar da na gwada tare su ne za su ci gaba da tashi tare. Initramfs wani ƙarin fayil ne da zai iya lalacewa ko ya saɓa da kanel, musamman a inda ake ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu. Kuma Aminu ya faɗa tun farko cewa ba ya son initramfs, ni burinsa nake bi.

Malama Hadiza:
Na yarda da kai a kan na'urar bango, kuma da ni ce ma haka zan yi. Amma ai ba a ce dole sai ɗayan biyu ba, ko dunƙulewa ko initramfs. Aminu ya riga ya sa NVMe da ext4 a jikin kanel, saboda haka kanel ɗinsa yana iya ɗora faifai da kansa. Abin da ya rage kawai shi ne ya mayar da amdgpu da iwlwifi da iwlmvm da cfg80211 da mac80211 zuwa m, wato mojul, ya kunna zaɓin zstd, ya yi make modules_install. Mojul yana zaune ne a kan faifai, ba yadda za a yi a loda shi sai an ɗora faifan, kuma in an ɗora faifan to famwaya ma tana nan. Matsalar lokaci ta warware kanta, babu initramfs, babu jerin sunaye. Abin da zai biya kawai shi ne allon zai fara da na EFI, bayan 'yan daƙiƙu ya ɗan ƙifta idan amdgpu ya karɓa. Ya dai tabbatar akwai efifb ko simpledrm a kunne, kuma alamu sun nuna akwai, tunda yana ganin rubutu.

Ƙa'idar da nake bi ita ce direba da famwayarsa su zauna a wuri ɗaya. In direban yana jikin kanel, famwayar ta kasance a jikin kanel ko a initramfs. In mojul ɗin yana cikin initramfs, ita ma tana ciki. In yana kan faifai, tana kan faifai. Kusan duk -2 da na taɓa gani a farkon tashi, raba su aka yi.

Malam Lawali:
Ina so in ja layi a ƙarƙashin wata gaɓa a maganar Malama, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa direban da aka dunƙule ba ya iya ganin initramfs. Yana iya gani. Ana warware initramfs ne kafin a tayar da direbobin na'urori, kuma ko da aka mayar da warwarewar ta riƙa gudana a gefe tun daga kanel 5.13, an sa mai ɗauko famwaya ya jira ta kammala kafin ya duba. Inda ake tuntuɓe shi ne kayan aikin da ke haɗa initramfs sukan bi jerin mojul ne su gane wace famwaya za su ɗauka, saboda haka kada a ɗauka ta shiga, a duba. A Arch lsinitcpio ne, a Debian lsinitramfs, a Fedora lsinitrd.

Ga kuma jerin wuraren da kanel ke dubawa a faifai, bi da bi, don amfanin wanda zai zo yana nema daga baya: da farko hanyar da aka ba shi ta firmware_class.path in an bayar, sai /lib/firmware/updates/ haɗe da sigar kanel, sai /lib/firmware/updates, sai /lib/firmware/ haɗe da sigar kanel, daga ƙarshe /lib/firmware. Amfanin foldar updates shi ne in kana so ka gwada sabon fayil ɗaya, ka ajiye shi a can ya sha gaban na ƙunshi, in bai yi ba ka goge shi. Wanda zai sauya hanyar ta /sys/module/firmware_class/parameters/path ya yi amfani da echo -n, domin a tsofaffin kanel, in ba haka ba alamar sabon layi takan shiga cikin sunan foldar.

Sa'adatu:
Malamai, ina biye da ku tun farko, kuma ina da ƙari biyu daga abin da ya taɓa cin lokacina. Na farko, wanda zai matse fayil da kansa da xz ya sa -C crc32, domin mai warwarewa na cikin kanel bai san crc64 ba, wanda shi ne xz ke sawa in ba a ce masa komai ba. Na biyu, wanda ya sauko da ma'ajiyar linux-firmware ta git kada ya kwafe ta kai tsaye da cp. Sunaye da yawa da direbobi ke kira mahaɗai ne kawai masu nuni zuwa wani fayil, an rubuta su a cikin fayil ɗin WHENCE, kuma sai an yi make install ake ƙirƙirarsu.

Sannan akwai batun da ba a taɓo ba game da hanyar Injiniya, wato lasisi. Kanel yana ƙarƙashin GPL ne, lasisin da ke wajabta buɗe asalin rubutun manhaja, mafi yawan waɗannan fayiloli kuwa kamfanoni sun yarda a raba su ne kawai, ba su buɗe asalin rubutunsu ba. Bayanin da ke tare da CONFIG_EXTRA_FIRMWARE a menuconfig da kansa ya yi gargaɗin cewa raba wa wasu kanel ɗin da aka cusa wa irin wannan famwaya yana iya saɓa wa GPL. Ga Aminu da zai yi amfani da abinsa shi kaɗai babu damuwa, amma ga mai haɗa na'urori yana bayarwa, abin dubawa ne. Wannan rarrabewar ce ma ta sa aka kwashe tsohuwar foldar firmware daga cikin kanel a siga 4.14 a 2017, kuma Debian ta daɗe tana ware waɗannan fayiloli daga faifan girkawa na hukuma, har sai da mambobinta suka kaɗa ƙuri'a a 2022, aka buɗe sashen non-free-firmware a Debian 12 a 2023. Waɗanda suka girka Debian kafin nan a kwamfutar da ba ta da ramin kebul sun san wahalar: kana buƙatar intanet don ka sauko da abin da zai ba ka intanet.

Injiniya Bashir:
Wannan na karɓa, Malama Sa'adatu, kuma ban taɓa ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Zan duba WHENCE in ga sharaɗin kowane fayil da nake cusawa. Ga allunan da zan bayar, ina iya mayar da famwayar cikin wani ɗan ƙaramin initramfs na dabam wanda ba a taɓa sake rubuta shi, in ga ko zai ba ni natsuwar da nake nema. Amma ban janye ba a kan cewa mutumin da ke koyo ya kamata ya gwada dunƙulewar ko sau ɗaya, don ya ga yadda abin yake da hannunsa.

Aminu:
Alhamdu lillahi, ga sakamako. Na bi hanyar Malama Hadiza: na mayar da direbobin biyar zuwa m, na kunna CONFIG_FW_LOADER_COMPRESS da na zstd, na harhaɗa, na girka mojul. An ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, amma batirin ya kai ni. Yanzu dmesg yana nuna loaded firmware version a layin iwlwifi, haske yana raguwa yana ƙaruwa, kuma da wayifai ɗin kwamfutar nake rubuto wannan. Kuskuren regulatory.db ma ya ɓace. Na rufe murfin na buɗe har sau uku don in ga ko katin zai rasa famwayarsa bayan barci, bai rasa ba.

Injiniya, zan gwada taka hanyar a ƙarshen mako a matsayin kanel na biyu, in Allah ya yarda, tunda don koyo na fara. Tambaya ɗaya ta rage mini: da na yi iw reg get don duba ƙasar da wayifai ke bin dokarta sai na ga an rubuta self-managed a gaban katin, kuma iw reg set NG bai canza abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ko akwai sauran fayil da ya ɓace?

Malam Lawali:
Babu abin da ya ɓace. Tun daga kanel 4.15, cfg80211 yana ɗauko regulatory.db da sa hannunsa regulatory.db.p7s ta wannan hanya ta famwaya, kuma da shi yake sanin tashoshin da kowace ƙasa ta halatta. Amma katunan Intel na zamani irin AX200 famwayarsu ce ke riƙe da wannan hukunci, ita ke tantance ƙasar da take, shi ya sa aka rubuta self-managed. Batun barci kuma, kanel yakan adana kwafin famwaya a RAM kafin kwamfuta ta kwanta, domin lokacin farkawa direba na iya nema alhali faifai bai gama farfaɗowa ba. Zaɓin shi ne CONFIG_FW_CACHE, ka bar shi a kunne.

Abin da nake so ka duba shi ne wanda ba ka tambaya ba, wato maikurokod, famwayar furosesa kansa. Shi ba ya jiran faifai ko mojul, ana ɗora shi ne a farkon farko, daga wani ɗan ƙunshin fayil nau'in cpio marar matsi da ke gaban initramfs, a hanyar kernel/x86/microcode/AuthenticAMD.bin. Da ka jefar da initramfs ka jefar da shi tare, kuma ɗora shi bayan an gama tashi abu ne da aka kashe a matsayin tsoho tun kanel 5.19 saboda haɗarinsa. A nan dabarar m ba za ta cece ka ba. Ko dai ka bi Injiniya ka cusa amd-ucode/microcode_amd_fam17h.bin a warware cikin CONFIG_EXTRA_FIRMWARE, ko ka girka ƙunshin amd-ucode ka ba mai tayar da kwamfuta /boot/amd-ucode.img shi kaɗai a matsayin initrd, wato a gurbin initramfs. Kanel zai karanta shi, ba zai sami /init a ciki ba, sai ya wuce ya ɗora faifanka kamar yadda yake yi yanzu.

Malama Hadiza:
Ni ta biyun zan zaɓa, saboda dalilin da na faɗa ɗazu: pacman zai riƙa sabunta fayil ɗin ba sai an sake harhaɗa kanel ba. Malam Aminu, ka tayar da kanel ɗin Arch ka yi dmesg | grep microcode ka rubuta lambar da ya nuna, sannan ka tayar da naka ka kwatanta. In lambobin sun zo ɗaya tun kafin ka ƙara komai, to BIOS ɗinka ya riga ya ɗora wanda ake da shi, amma duk da haka ka saka layin initrd ɗin don gaba. Ka turo mana lambobin biyu mu gani.